Rasuwar Damas Mai Sassaƙa Hatimin Sulhu

Daga Ƙungiyar Masu Sassaƙa Hatimi da Maƙeran Tagulla ta Birnin Sindara, zuwa ga iyalan marigayi, da Majalisa da jama'ar Sindara, da Majalisa da jama'ar Orkela ta ƙetaren kogi.

Cikin alhini, da zukatan da har yanzu suka ƙi kwanciya, wannan Ƙungiya ta karɓi labarin rasuwar shugabanta kuma jagoranta, mai girma Aureliyus Damas ɗan Attas, Babban Mai Sassaƙa na Gidan Buga Kuɗin Sindara, tsohon Sarkin Kasuwa, ɗan Majalisar Dattawa, wanda birane da dama na lardin Asiya suka ɗora wa kambin girmamawa, wanda ya cika shekaranjiya da yamma a kan hawan da ke tsakanin mashigin Kogin Morsos da ƙofar garinmu, yana tafe da ƙafarsa, jakar aikinsa rataye a kafaɗa. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Uwargida Ammiya 'yar Menofilos, da 'yarsa tilo, Uwargida Tatiya, da jikokinsa, da amininsa kuma mai riƙe masa guduma tun suna samari, dattijo Gilikon, da duk wanda ya taɓa juya kuɗin tagullar garin nan a tafin hannunsa ya ga haikalinmu a bayansa.

Bisa al'ada, saƙo irin wannan gajere ne, a karanta shi a dandali, a manna shi a bangon rumfa, kowa ya koma harkarsa. Amma tun shekaranjiya maganganu ke yawo daga gidan wanka zuwa layin masu kifi, daga nan zuwa filin motsa jiki inda samari suke taruwa. Wasu sun ce guba aka ba shi a Orkela, wasu sun ce duka ne, wasu ma sun rantse sun ga rauni a jikin da ba su taɓa matsowa kusa da shi ba. Jini ya riga ya zuba a ƙofar gari saboda waɗannan maganganu, kuma har zuwa lokacin da ake rubuta wannan akwai masu yawo da sanduna a ƙarƙashin mayafi. Don haka dattawan Ƙungiya, da izinin iyalan marigayi, suka umarce ni in faɗi wane ne shi, da yadda ya rasu, da abin da ya biyo baya, ba tare da na rage komai ba.

An haifi marigayi a unguwar masu rini, a gidan mai sassaƙa duwatsun zobe. Yana saurayi mahaifinsa ya tura shi Samirna ya koyi sassaƙa hatimin kuɗi, ya dawo da gwanintar da ba a taɓa ganin irinta a wannan kwari ba, da kuma halin da bai rabu da shi ba har ranar ƙarshe, wato rashin iya zama wuri ɗaya. Duk birnin da ya samu izinin shirya gasar wasanni, ko ya gama ginin haikali, ko ya karɓi baƙuncin Kaisar yana so a buga kuɗin tunawa, sai a ce a nemo Damas na Sindara, kuma kafin manzon ya gama shan ruwa shi ya riga ya ɗaura wa alfadarinsa kaya. Ya yi aiki a Sardisu, ya yi a Filadelfiya da Lawudikiya, ya yi a ƙananan garuruwan tsauni waɗanda ba kowa ya san sunansu ba sai da kuɗinsu ya sauko kasuwa. Uwargida Ammiya ta sha faɗa a gaban baƙi, yana zaune yana ji: "Ni ban auri miji ba, ƙeya na aura. Da za a ce in sassaƙa shi, bayansa kawai zan iya fitarwa, yana fita ƙofa." Shi kuwa sai ya ce: "To ai kin samu gefen da ya fi kyau."

Shekarun aikinsa sun faɗo a zamanin da kujerar Roma ba ta yin ɗumi. Ya sassaƙa kawunan Kaisarori fiye da yadda ya so, wani ma kafin ya gama fitar masa da gemu labari zai zo daga bakin teku cewa sojoji sun naɗa wani. Bai taɓa wasa da wannan gefe ba, kuma babu wani wakilin Gwamna da ya taɓa samun abin zargi a aikinsa, amma duk mun san inda ƙaunarsa take. Yakan ce mana: "Gaban kuɗin na Roma ne, ku yi shi da ladabi. Bayan namu ne, ku yi shi da zuciya." A bayan kuɗin Sindara ya sa haikalinmu da ginshiƙansa, ya sa kurangar inabin tudun arewa, ya sa kambin 'yan kokawa a shekarar da muka karɓi baƙuncin gasa. Da aka ce ya fitar da allan Kogin Morsos kishingiɗe da tulunsa, sai ga shi ya fito da hancin Gilikon da tumbin Gilikon, har mata masu sayar da albasa suka riƙa tare dattijon a hanya suna roƙonsa ya rage musu ruwa su shanya wanki. Gilikon ya zo rumfar aiki yana huci, ya ce: "Kai tsohon banza, ka kwantar da ni tsirara a jakar kowane ɗan dako!" Marigayi bai ko ɗaga kai ba ya ce: "An ce in nemo wanda ya iya kwanciya, na duba garin nan kaf ban ga na biyunka ba." Sun yi kwanaki ba sa ga maciji, sannan suka koma cin abinci a akushi ɗaya kamar kullum.

A shekarar da ya riƙe sarautar kasuwa, shi ya tsaya a kan masu burodi har ma'auni ya daidaita, shi ya gyara rufin layin maƙera da aljihunsa, kuma rumfar da wannan Ƙungiya take taro a cikinta shi ya gina ta. Bai iya zaman majalisa ba, a tsaye yake sauraron jawabi yana kai da komo a bayan kujeru, amma babu wata magana ta garin nan da aka kira shi ya ce ba shi da lokaci.

Aikinsa na ƙarshe kowa ya san shi, sai dai ba kowa ya san abin da ya ci masa ba. Tun zamanin kakanninmu Sindara da Orkela suke jayayya a kan wurin bautar allan kogi da ke tsibirin tsakiyar Morsos, da kuma garin da ayarinsa zai shiga gaba ranar bikin bazara. Bara jayayyar ta koma jifa, aka ɗauko gawa ɗaya zuwa wannan gaɓa, ɗaya zuwa waccan. Mai girma Gwamnan lardi ya aiko da umarni wanda ba ya buƙatar fassara: ko dai garuruwan biyu su yi sulhu kafin bikin bana, su tabbatar da shi da kuɗin sulhu kamar yadda manyan birane suke yi, ko a rufe bikin, a sauke sojoji a gidajenmu da nasu, a kuma karɓe izinin buga kuɗi daga hannun duka biyun. Duk wanda ya taɓa ganin garin da aka sauke wa sojoji ya san abin da hakan ke nufi ga rumbunsa da 'ya'yansa mata. Majalisun biyu suka amince da abu guda tak, cewa Damas ne zai sassaƙa hatimin: kan Kaisar a gaba, a baya kuma Uwar Garin Sindara da Uwar Garin Orkela, wato allolin da ke tsaron garuruwan biyu, kowace da kambin ganuwa a kanta, suna musafaha.

Daga nan wahala ta fara. Hatimin farko, Orkela ta ce me ya sa tasu take hagu. Ya sake wani, Sindara ta ce hasumiyoyin kambin tasu sun fi na tamu tsawo. Ya daidaita hasumiyoyi, aka koma kan sunan da zai fara zuwa a rubutu. Ƙarfen hatimi ba laka ba ne, kowane ɗaya makonni yake ci, ido yana ruwa, baya a sunkuye. A ƙarshe ya shigo Majalisar Sindara da hatimi biyu maimakon ɗaya, ya ce kowane gari ya buga nasa: wanda za a buga a Sindara, Orkela ce a dama kuma sunanta ne a gaba, wanda za a buga a Orkela, Sindara ce a dama da sunanta a gaba. Zauren ya kaure da hayaniya. Mai girma Filabiyus Hermolayos, Shugaban Majalisa kuma Babban Firist na haikalin Kaisarori, ya ce: "Wato mu da hannunmu za mu rubuta Orkela a gabanmu?" Marigayi ya ce: "Ranka ya daɗe, idan ka yi baƙo a gidanka, shi kake ba kujerar gaba ko kai kake hayewa? Su ma can haka za su yi mana. Kowa ya zama baƙon wani, magana ta ƙare." Majalisa ta ce ta ji, za ta yarda idan Orkela ta fara yarda. Da ya ƙetare ya kai wa Orkela, su ma suka ce za su yarda idan Sindara ta fara. Haka ya kwashe lokacin sanyin nan kaf yana ƙetare kogi da hatimi biyu a jaka, daga wannan zaure zuwa wancan, cikin ruwan sama da laka, bikin bazara kuwa yana ta matsowa.

A nan ya zama dole mu bayyana abin da marigayi ya ɓoye. Mai girma Artemon, Babban Likitan Gari, ya tsaya a gaban dattawan wannan Ƙungiya ya shaida cewa tun kakar inabi marigayi yake zuwa wurinsa da ciwon ƙirji mai sauka har hannun hagu, kuma ya hana shi hawan tudu da doguwar tafiya. Marigayi ya roƙe shi kada Majalisa ta ji, don kada a karɓe aikin a ba wani wanda Orkela ba za ta amince da shi ba. Matarsa ta sani, 'yarsa ta sani. Uwargida Tatiya ta taɓa ɓoye masa takalma, ya fita da na Gilikon.

Ga yadda ranar ƙarshe ta kasance, kamar yadda dattijo Gilikon, wanda bai rabu da shi ba tun safe, ya faɗa da hannunsa a kan bagaden Ƙungiya. Sun isa Orkela da hantsi, Majalisar can ta sake sauraronsu, ta sake watsewa ba amsa. Mai girma Yuliyus Markiyanos, Shugaban Majalisar Orkela, wanda tun farko yana cikin masu son sulhu, ya ja su gidansa suka ci abincin rana: faten wake da man zaitun, da kifi mai gishiri, da burodin sha'ir, su uku a akushi ɗaya, ruwan inabi daga tulu ɗaya. Gilikon ya ce a rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta: "Idan guba ce, to ni ya kamata a ɗauko a mayafi, don shi loma uku ya yi ya miƙe yana surutu, ni na suɗe akushin." Markiyanos ya ga fuskar marigayi ta yi fari, ya roƙe shi ya kwana. Ya ƙi, ya ce gobe Majalisar Sindara za ta zauna kuma yana da sabuwar dabara. Sai Markiyanos ya ce to zai raka su, ya ɗauki barorinsa biyu, suka shiga jirgin fito tare.

Da suka fara hawan da ke zuwa ƙofar garinmu, marigayi ne a gaba kamar kullum, yana magana yana wurga hannu. Can sai ya nemi dutse ya zauna. Gilikon ya ce tun da yake da shi bai taɓa ganin ya zauna ba tare da an matsa masa ba. Gilikon ya ce masa: "Lafiya, Sarkin Gaggawa? Yau kai ne da zama?" Marigayi ya ce: "Na ga kana jin daɗinsa ne, na ce bari in ɗanɗana." Sannan ya cire jakar ya miƙa masa, ya ce: "Riƙe wannan, kada ka jingina a kai." Ya dubi Markiyanos ya ce: "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da mu, mu ma irinku ne."  Ya dafe ƙirji, ya karkata a jikin Gilikon, numfashi ya tsaya. Babu wanda ya taɓa shi sai don tallafa masa.

Markiyanos ya tuɓe mayafinsa, aka kwantar da marigayi a ciki, shi da barorinsa da Gilikon suka kama kusurwoyi huɗu suka hau da shi. Yana iya juyawa daga nan ya koma gaɓarsa, babu wanda zai zarge shi, amma ya ce ba zai bar mutumin da ya ci abinci a gidansa a gefen hanya ba. A ƙofar gari samarin da ke dawowa daga filin motsa jiki suka ga mutanen Orkela ɗauke da gawar Damas. Babu wanda ya tambaya. Dutsen farko ya fasa wa Markiyanos goshi, aka karya wa ɗaya daga barorinsa hannu, Gilikon ya rasa haƙora yana ihu yana cewa su tsaya su ji. Abin da Ƙungiya take so kowa ya sani shi ne, duk da jifar nan, babu ɗaya daga cikin mutanen huɗu da ya saki mayafin. Haka suka ja jiki har ƙofar gidan marigayi, taron yana bin su.

Uwargida Ammiya ta fito ta ga mijinta, ta ga jini a fuskar baƙon, ta ce a shigar da su duka. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa ita kaɗai, ba ta ko fara kuka ba. Wani daga cikin samarin ya ce: "Inna, ki ba mu shi, su suka kashe Baba Damas!" Ta ce: "Kai ɗan wa ne? Matso in gan ka. Ai na san uwarka. Kana ina lokacin da yake tashi yana dafe da ƙirji? Kana ina lokacin da nake roƙonsa ya zauna? Mutumin da ke ciki shi ya kawo mini mijina a kafaɗarsa, ku kuwa duwatsu kuka kawo mini. Wanda yake son shiga, ya fara taka ni." Suka tsaya cirko-cirko, sannan suka janye, amma ba su watse ba. Sun koma gindin ganuwa suna shawarar ƙetarewa su cinna wa rumbunan Orkela wuta, kuma labari ya zo mana cewa a can ma an ji an kashe Shugaban Majalisarsu, an fara tara jirage.

Jiya da safe, bayan mata sun yi wa marigayi wanka sun shafe shi da mai sun sa masa fararen kaya, aka kawo ƙwayar kuɗin da ake sa wa mamaci a baki domin ya biya mai fiton da ke ƙetarar da matattu. Uwargida Ammiya ta mayar da ita. Ta ce ba za a sa masa tsohon kuɗi ba, kuma ba za a kai shi maƙabarta ba sai da kuɗin sulhun da ya mutu a kansa. Dattawa suka yi ta ba ta baki, ta ƙi. Har mai girma Hermolayos ya zo da kansa ya ce: "Uwargida, ki ji tsoron alloli. Kin san wanda bai biya fito ba a gaɓa yake tsayawa, ba ya nan ba ya can." Ta ce: "Ranka ya daɗe, ai ya saba. Tun farkon sanyi kuka tsayar da shi a gaɓa, ba ya nan ba ya can. In kuna so ya ƙetare, kun san inda zauren Majalisa yake."

Majalisar Sindara ta zauna kafin rana ta take tsaka. Ba za mu ce zaman ya yi daɗi ba, an yi ta ɗaga murya, wasu sun fita, amma babu wanda ya iya miƙewa ya ce a bar Damas kwance ba binnewa, kuma a ƙarshe aka amince Sindara ta fara, ba tare da jiran kowa ba. Saura Orkela, kuma babu namijin garin nan da zai iya sauka a waccan gaɓa a jiya ya dawo lafiya. Uwargida Tatiya ta ce ita za ta je. Ta karɓi zoben Markiyanos daga hannunsa yana kwance a ɗakin mahaifinta, ta ɗauki mayafin Markiyanos mai jini, ta shiga jirgi da baƙaƙen kaya, gashinta a kwance. Masu fito sun ce da ta sauka mutane suka kewaye ta da sanduna, sai ta ɗaga zoben ta ce: "Shugabanku yana da rai, uwata ce take ba shi romo da hannunta. Wannan jinin nasa kuwa, 'yan garinmu ne suka zubar da shi, ba zan ɓoye muku ba. Ubana kuma yana kwance yana jiran ku. Ku kashe ni ko ku kai ni Majalisa, amma ku yi sauri." Suka kai ta Majalisa.

Yau da hantsi dattawan Orkela suka ƙetaro riƙe da rassan zaitun, 'yan wannan Ƙungiya suka yi musu zobe da jikinsu daga mashigi har farfajiyar Gidan Buga Kuɗi. Aka hura wuta, aka ɗora hatimin kan Kaisar a uwar maƙera. An ɗauko Markiyanos a kujera, kansa a naɗe. Dattijo Gilikon, bakinsa a kumbure, ya ce babu wanda zai riƙe gudumar sai shi. Mai girma Hermolayos ya kama hatimin da ke ɗauke da sunan Orkela a gaba, aka ɗora tagulla mai zafi, guduma ta sauka. Markiyanos ya kama hatimin da ke ɗauke da sunan Sindara a gaba, guduma ta sake sauka. Aka tsoma ƙwayoyin biyu a ruwa, aka miƙa wa Uwargida Ammiya, wadda ta sa aka kawo makarar mijinta har farfajiyar.

Nan take aka fara raɗe-raɗi a cikin taron, kowane ɓangare yana miƙa wuya ya ga wadda za ta ɗauka, domin kowa ya gane cewa duk wadda ta shiga bakin Damas, a kanta za a kafa sabuwar jayayya ta shekara da shekaru. Ta dubi dattawan gaɓar nan, ta dubi na waccan. Sai ta rufe tafukanta biyu a kan ƙwayoyin, ta girgiza su, ta sa hannu a ƙarƙashin lulluɓin fuskarsa ta saka masa ɗaya ba tare da ta duba ba, ta rufe masa baki. Ɗayar tana dunƙule a hannunta ta taka har bakin wuta ta jefa ta cikin narkakkiyar tagulla. Ta juyo ta ce: "Mai son sanin wadda ya tafi da ita, ya bi shi ya tambaye shi." Sai a lokacin ta zauna a ƙasa ta fara kuka.

Ƙungiya ba za ta ce komai ya lafa ba. Samarin da suka yi jifa har yanzu ba su zo sun ba da haƙuri ba, baran da aka karya wa hannu yana kwance da zazzaɓi, kuma ba mu san abin da ya riga ya isa kunnen mai girma Gwamna ba. Muna kira ga iyaye su riƙe 'ya'yansu, ga masu baki su riƙe bakinsu. Za a fita da marigayi gobe kafin fitowar rana ta ƙofar kogi zuwa maƙabartar iyalinsa, kuma mutanen Orkela za su kasance cikin masu ɗaukar makara bisa roƙon iyalansa. Duk wanda zai zo, ya zo hannu sake. Rumfunan 'yan Ƙungiya za su kasance a rufe har a gama zaman makoki, in ban da Gidan Buga Kuɗi, inda wuta ba za ta mutu ba sai kuɗin sulhu ya wadata kafin biki.

Muna roƙon Uwar Garinmu da ta Orkela, da allan kogin da ya sha ƙetarewa, da allolin da ke karɓar matattu, su karɓi mai girma Aureliyus Damas ɗan Attas da sauƙi, su sa ƙasa ta yi masa rashin nauyi, su ba Uwargida Ammiya da Uwargida Tatiya da jikokinsa da dattijo Gilikon ƙarfin ɗaukar wannan rashi, su kuma ba shi a can hutun da duk muka kasa sa shi ya yi a nan.

Sa hannu:
Aureliyus Zotikos ɗan Tirofimos,
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiyar Masu Sassaƙa Hatimi da Maƙeran Tagulla ta Birnin Sindara.